Kartaj da kwamandojinta

Ɗana, ka ce malaminku ya faɗa muku wai mutanen Kartaj kashe kwamandansu suke in ya sha kashi a yaƙi, kana tambaya ko al'adarsu ce da gaske. Eh to da gaske ne, gicciye shi ma suke yi. Kwamandansu Hanno da ya bar wa Romawa garin Messana na tsibirin Sisili a 264 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) gicciye shi aka yi, haka Hasdrubal da ya yi asarar giwayensa na yaƙi a Panormus, can Sisili ɗin, wajajen 250, shi ma hukuncin kisa ya samu.

Amma kar ka ɗauka mugunta ce zalla, duba yadda garin yake tukuna. Kartaj, can kusa da Tunis ta yanzu, garin 'yan kasuwa ne, yawancin rundunarsu sojan haya ne, mahaya daga Numidiya, dakaru daga Sifen, masu majajjawa daga tsibiran Baleyar, kuma kwamanda sai ya yi shekara da shekaru a waje da mutanen nan da ba su san kowa ba sai shi da ke biyansu, to wa zai hana shi juyowa gida ya ƙwace mulki? An ma gwada, wani kwamanda Bomilcar ya yi yunƙurin juyin mulki wajajen 308, ƙarshensa gicciye a tsakiyar kasuwa. Irin wannan fargabar ce ta sa tun kafin nan suke da majalisar alƙalai 104 da ke tuhumar kwamanda in ya dawo. Tsoro ne kawai, kamar mai kiwon zaki a tsakar gida.

Ni dai a ganina sun cuci kansu. Romawa fa, bayan Hannibal, kwamandan Kartaj, ya yi musu kaca-kaca a Cannae ta ƙasar Italiya a 216, Varro da ya ja rundunarsu ya koma gida majalisa ta yi masa godiya wai don bai fid da rai da ƙasarsa ba. Wanda ya san gicciye na jiransa ai ba zai yarda ya yi kasada ba.

Kuma ba kowa ake kashewa ba, akwai siyasa da gata a ciki. Hannibal ɗin kansa Scipio, kwamandan Romawa, ya doke shi a Zama a 202, ba wanda ya taɓa shi, har ma aka zaɓe shi shugaban gari a 196, ya zo ya karya lagon alƙalan nan ya mai da kujerarsu ta shekara guda. Manyan gari suka kai gulmarsa Rum, dole ya gudu. Ka gaishe min da babarka, ka ce mata ina nan tafe bayan sallah.