Na haddace ƙa'idojin lissafin bekta, amma tambaya na zuwa sai in rikice

Ɗan'uwa, ka ce ka haddace ∇f da ∇·F da ∇×F, amma da zarar an kawo tambaya sai kanka ya ɗaure. Haddar ce ta riga fahimta.

Fara da ma'ana. Bekta adadi ne mai girma da alkibla; f na ba kowane wuri lamba, F kuma na ba kowane wuri bekta. ∇f na nuna alkiblar da f ya fi saurin ƙaruwa. Sauran biyun, ɗauki F tamkar ruwa mai gudu: ∇·F na auna ko ruwan na ɓuɓɓugowa daga wuri ko yana shigewa, ∇×F kuma ko zai juya ɗan karan da ka jefa ciki. Ƙa'idojin masana lissafi Girin (Green) da Sitoks (Stokes) da Gaus (Gauss) duk magana ɗaya suke yi: jimillar abin da ke faruwa a ciki daidai take da abin da ke faruwa a iyaka. A ganina nan ne zuciyar kwas ɗin.

Kullum zana hoto kafin ka taɓa lissafi. Ɗalibai kan faɗi wajen alkibla, su samu amsa da alamar ragi. Ko su manta r na farko a r dr dθ, wato ɗan yankin fili idan ana aiki da nisa r da kusurwa θ. Ko su ɗora ƙa'idar Gaus kan farfajiyar da ba rufaffiya ba.

In intigireshan mai ninki biyu, wato tara jimilla a kan fili, ne ke ba ka wuya, kai wa malaminka aikinka ya nuna maka layin da ka kauce.