Muzurun da aka yi wa dandaƙa yana fesa fitsari a ɗaki: amsa ga 'yar'uwarmu ta Mabera

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce tun bara aka yi wa muzurunku dandaƙa a asibitin dabbobi, ya zauna lafiya lau, sai kwanan nan ya tsiri fesa fitsari a labulen falo da jikin ƙofa, har maigida ya fara zancen a sa shi a buhu a kai shi bayan gari. Don Allah ki ba Alhaji haƙuri ya ɗan saurara. Na daɗe ina kiwon maguna a nan Sakkwato, kuma abin da kike gani ba iskanci ba ne, ba kuma ramuwar gayya ba. Ko dai ciwo ne ke damunsa, ko hankalinsa ne ba a kwance ba.

Kafin komai ki sa masa ido ki ga yadda yake yin fitsarin. Mai fesawa a tsaye yake yi: ya juya wa bango baya, ya ɗaga jela sama tana karkarwa, yana ɗan tattaka ƙafafun baya, ya watsa ɗan kaɗan sama da ƙasa da kamar taƙi guda. Wannan sa alama ce. Amma idan tsugunawa yake yi akai-akai, yana yunƙuri yana kuka, ɗigo-ɗigo ke fita ko da jini a ciki, yana yawan lasar gabansa, to ki ajiye duk sauran shawarwarin nan ki kai shi asibiti a yau. Hanyar fitsarin namijin mage siririya ce, tsakuwa ko majina na iya toshe ta, kuma idan fitsari ya tsaya cak, cikin kwana 1 zuwa 2 yana iya mutuwa. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da asibitin koyarwa na dabbobi, akwai kuma na gwamnatin jiha. Ko da a tsaye yake fesawa, ni dai ina ganin a fara gwada fitsarin nasa, musamman da zafin nan namu na Maris zuwa Mayu da ke haura digiri 40, ga mage ba mai son shan ruwa ba. Ki ajiye masa ruwa mai sanyi a wuri fiye da ɗaya, in busasshen abincin leda kike ba shi ki riƙa haɗawa da mai ruwa-ruwa. Kuma ko da wasa kada wani ya ba shi farasitamol, guba ce ga mage.

Dandaƙa tana rage fesawa ƙwarai, amma likitoci sun ce kusan muzuru 1 cikin 10 yakan ci gaba ko bayan an yi masa. Tunda naku ya daina sannan ya dawo, tambayar ita ce me ya canza a gidan. Kin ambaci labule da ƙofa, kuma wannan shi ya fi ɗaukar hankalina, domin nan ne iyakarsa da waje. Nawa ma a gindin taga ya riƙa yi. Da na haska tocila da dare sai ga wani ƙaton muzurun unguwa, kunne duk a yage, zaune bisa katanga yana leƙen ɗakin, da safe kuma na ji warin fitsarinsa a ƙofar zaure ta waje. Nawa yana ciki yana shaƙar warin abokin gaba, ba shi da hanyar korarsa, shi ne yake zuba nasa warin don ya ji gidan nasa ne har yanzu. Ki duba ko haka ne a wurinku. A daina zubar da ƙashin kifi da ragowar tuwo a tsakar gida, su ke kiran na waje. A wanke ƙofar ta waje, a rufe ƙasan tagar da kwali ko takarda yadda ba zai hango su ba, da dare kuma a kulle shi a ɗakin da ya saba. In ba na waje ba ne, ki tuna ko an yi haihuwa, ko baƙi sun cika gida, ko an kawo sabuwar mage, ko an sauya kujeru. Abin da mu ba mu ɗauka komai ba, shi yana tayar masa da hankali.

Wanki kuma nan ne aka fi yin kuskure. Muddin hancinsa na jin ɓurɓushin warin, zai koma ya sabunta. Kada ki sa abin wanki mai amoniya, warinsa na kama da na fitsari. Hypo ma yakan ja wasu maguna su dawo wurin, Izal da Dettol kuwa suna cutar da su idan suka taka suka lashe ƙafa. Ki tsane wurin da tsumma, ki wanke da ruwan ɗumi da garin sabulun wanki irin Ariel, ki ɗauraye, in ya bushe ki goge da sipirit, ki bari ya sha iska kafin ya shigo. Labulen a cire shi na ɗan lokaci, dardumar sallah kuma a naɗe a ɗora sama. Turaren wuta mu kaɗai yake ruɗa, shi yana jin warin a ƙarƙashi.

Bayan wurin ya bushe sarai, ki ajiye kwanon abincinsa a nan, don ba kasafai mage ke fesawa inda take ci ba. Ga wata dabara kuma: ki shafa tsumma mai laushi a kumatunsa, ki goga a bangon daidai tsayinsa, kullum. Ƙamshin kumatu shi ne alamar da yake sawa idan ransa a kwance yake. Feliway, wani maganin feshi da ake sayarwa, wannan ƙamshin aka kwaikwaya, in kin samu.

Robar yashin da yake bayan gida a ciki ta zama mai faɗi, yashi mai laushi, a kwashe ƙazanta kullum, a ajiye nesa da janareta da hayaniyar yara. In magunan biyu ne, roba uku.

Abin da na fi roƙonki shi ne a daina dukansa, kada kuma a goga masa hanci a fitsarin. Ki ja wa yara kunne. Tsoro ne ya kawo fesawar, duka kuwa tsoron yake ƙarawa, sai ya koma yi a ɓoye bayan gado. Jefar da shi a daji ma alhaki ne, dabbar da ta tashi a ɗaki ba ta iya kokawa da karnuka da yunwa ba.

Ki ba abin makonni kaɗan. In bai ragu ba, ki koma wurin likita ki ce ya duba ko akwai ƙwai ɗaya da ya maƙale a ciki ba a cire ba, musamman in warin fitsarin na da ƙarfi irin na muzurun da ba a taɓa ba. Akwai kuma maganin kwantar da hankali da ake ba maguna, amma likita ne kaɗai zai rubuta ya auna. Ki dawo ki faɗa mana a tsaye yake yi ko a tsugune, da kuma ko kin ga na waje a katanga. Allah ya ba shi lafiya.