Kai yaro mai otizim Gidan Makama: a tafi da sassafe

'Yar'uwa, kin ce ɗanki mai lalurar otizim (wadda ke shafar yadda yaro ke magana da mu'amala da mutane) yana toshe kunne ya fashe da kuka in hayaniya ta yi yawa, kina tunanin ko zai iya zuwa Gidan Makama, gidan tarihin nan na Kano. Zai iya, in an zaɓi lokaci.

Ku je da safe da zarar an buɗe, kafin motocin 'yan makaranta su iso. Ki guji Juma'a da kwanakin hawan Sallah: gidan yana daura da fadar Sarki, ƙarar kakaki da bindigogin gargajiya kuwa ko babba sai ya razana.

Tun jajibiri ki nuna masa hotunan wurin a waya, musamman zaurukan nan masu ɗan duhu, don kada su zo masa bagatatan. Ki riƙo ruwa, abin toshe kunne, da abin wasan da ya saba murzawa. Ki roƙi mai zagayawa da baƙi ya sassauta murya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne dagewa sai an ga komai tunda an biya kuɗin shiga. Da kin ga ya fara jijjiga jiki, ku fito tsakar gida ya huta. Ban da tsawa.

In firgitar tana kai shi ga buga kai ko cizon kansa, ki kai shi wajen likitan yara a Asibitin Malam Aminu Kano.