Zan kai iyalina Abuja yawon buɗe ido, ta ina zan fara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Gwammaja, nan cikin birnin Kano. Na yi wa yarana huɗu alkawarin cewa idan aka yi hutun ƙarshen shekara zan kai su Abuja tare da mahaifiyarsu, domin babbansu ya ishe ni da tambaya a kan dutsen da ke jikin takardar naira ɗari. Kwana uku muke son yi, kuma abin hannuna bai taka kara ya karya ba. Wace hanya za mu bi, kuma waɗanne wurare suka cancanci zuwa? Daga wani magidanci, Gwammaja.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ka ikon cika wannan alkawari. Kafin ka zauna rubuta jerin wurare, ka fara warware batun abin hawa da masauki, domin Abuja ba kamar Kano ba ce, inda mutum zai fito daga Gidan Makama ya tari adaidaita sahu, kafin wani lokaci ya gan shi a gindin Dala. Gari ne da aka zana shi domin masu mota, unguwanninsa suna da nisa da juna, kuma an hana acaɓa da adaidaita sahu shiga tsakiyar birnin. Kuɗin zirga-zirga ne zai fi cin aljihunka, ba kuɗin shiga wurare ba.

Daga Kano, ta Zariya da Kaduna, tafiyar ta haura kilomita 400. Ku kama hanya da an idar da sallar asuba, kada dare ya riske ku da yara. Shawarata ita ce ku tafi a mota, ku dawo a jirgin ƙasa. Dalili kuwa, titin Kaduna zuwa Abuja yana bi ne ta gindin Dutsen Zuma, wanda yaronka yake tambaya, kuma dutsen ma ba a cikin Abuja yake ba, yana Jihar Neja ne kusa da Suleja. Ku tsaya a wurin yara su nemi siffar fuskar mutum da ake gani a jikinsa. A nan ne ya dace ka gaya musu cewa Suleja ita ce Abuja ta asali, masarautar da zuriyar sarakunan Haɓe na Zazzau suka kafa, kafin ta bar wa sabon birnin sunanta. Ka ƙara musu da cewa ɗan Kano ne, marigayi Janar Murtala Muhammad, ya zartar da dokar kafa birnin a 1976, amma gwamnati ba ta taso daga Legas ba sai ranar 12 ga Disamba, 1991. Jirgin ƙasan kuwa ya fara aiki a 2016, yana tashi daga tashar Idu, ya tsaya a Kubwa, ya ajiye ku a Rigasa ta Kaduna. Ana sayen tikiti ta intanet, ana neman lambar NIN, kuma lokacin hutu kujeru kan ƙare da wuri.

Game da masauki, ka manta da Maitama da Asokoro. Ka duba Utako, Garki ko Kubwa. Nyanya da Mararraba sun fi araha, sai dai cunkoson safe da yamma a wannan hanya zai cinye muku rabin yini. Idan ba da motarka ka je ba, ka yi shatar tasi guda ta yini ta hannun wanda ka sani, ko ka kira ta manhajar waya. Kada ka saka iyali a motar da ta tsaya muku haka kawai a bakin titi, saboda 'yan fashin da ake kira wan-cans.

Wurare biyu a rana sun wadatar. Ku fara da Masallacin Ƙasa, wanda aka gina a 1984, mai ƙubba ruwan zinare da hasumiyoyi huɗu. Idan kun daidaita tafiyar ta haɗa da Juma'a, ya fi. Daga nan direba ya zagaya da ku ta Dandalin Eagle da yankin da Majalisar Tarayya, Kotun Ƙoli da fadar shugaban ƙasa suke. Amma ka sanar da yaran tun daga gida cewa daga cikin mota za su hangi waɗannan gine-gine, ba za su shiga ba, balle su ga shugaban ƙasa, kuma jami'an tsaro ba sa wasa da mai ɗaukar hoto a wajen. Wannan zagayen bai wuce awa guda ba, kada ka ware masa yini.

Inda yara za su sake shi ne Millennium Park da ke Maitama, lambun da Sarauniya Elizabeth ta buɗe a 2003. Ku je da tabarma da guzurinku, dambun nama da cincin da uwargida ta haɗo daga gida, domin abincin sayarwa a Abuja yana da tsada ƙwarai ga baki shida. Akwai gidan namun daji na yara a Asokoro, amma wanda ya saba da Gidan Zu na Audu Bako kada ya sa ran ganin abin mamaki. Ribar zuwa wurin ita ce ganin Dutsen Aso kusa da kusa. Da la'asar sakaliya ku nufi Tafkin Jabi, kuma kada kowa ya shiga kwale-kwale sai da rigar kariya.

Rana ta uku, da ni ne, Ushafa zan kai su ta hanyar Bwari, su zauna gaban matan Gwari masu ginin tukwane, su ga yadda ake ɗaga tulu daga curin yumɓu da hannu kawai. Shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarci ƙauyen a shekarar 2000. Ka fito da naira ashirin ka nuna musu Ladi Kwali, gwanar wannan sana'a, wadda ita ma 'yar yankin ce.

Tunda a watan Disamba za ku yi tafiyar, ku riƙe rigunan sanyi da man shafawa, sannan ka rubuta lambar wayarka a takarda ka saka a aljihun kowane yaro kafin ku shiga tasha ko lambu.