Fatawa: Ɗalibi a Ƙasar Sin Yana Sayen Wayoyi Yana Turowa Kano

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗalibi ne a birnin Guangzhou. Idan na samu hutu nakan shiga kasuwar Huaqiangbei da ke Shenzhen in sayi wayoyi da kwamfutoci, in tura wa ƙanena ya sayar a Farm Centre a Kano. Wasu kuma sukan turo mini kuɗi su ce in sayo musu, idan na samu da sauƙi sai in riƙe rarar ban faɗa ba. Wani lokaci kuma nakan sa hoton waya a WhatsApp, in karɓi kuɗin mutum kafin in je in sayo. Wani abokina ya ce duk haramun ne. Mene ne gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka tambaya. Abokinka ya yi gaggawa. Abu uku ka kawo, kuma kowanne da hukuncinsa.

Na farko, ka saya da kuɗinka ka tura gida a sayar, halal ne tsantsa. Allah ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 275, ya halatta ciniki ya haramta riba. Fatauci ne irin wanda Ƙuraishawa suke yi zuwa Sham da Yaman. Shari'a ba ta yanka wa ɗan kasuwa iyakar abin da zai ɗora ba, kuma a kan haka Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tsaya a zamanta na Kuwait a 1988. Ka ci ribarka, sai dai ka ji tausayin mutane.

Na biyu shi ne inda nake so ka buɗe kunne. Wanda ya turo maka kuɗi ya ce "sayo mini", wakili ya naɗa ka. Kuɗin amana ne a hannunka, wayar kuma tasa ce tun daga lokacin da ka biya. Idan ya turo kuɗin yuwan 2,000 ka samu a 1,800, to 200 ɗin nan nasa ne. Dalili shi ne hadisin Urwatul Bariƙi a Bukhari: Annabi (SAW) ya ba shi dinari ɗaya ya sayo masa akuya, sai ya sayi biyu, ya sayar da ɗaya a dinari, ya dawo da akuya da dinarin gaba ɗaya. Bai ce ai wayona ne ya jawo ba. Annabi ya yi masa addu'ar albarka a cikin cinikinsa.

Na san me za ka ce: kuɗin jirgin ƙasa, da yawon shaguna, da cinikin da ka sha. Gaskiya ne, kuma babu wanda ya ce ka yi wa mutane wahalar banza. Tun farko ka ce ladana kaza ne a kan kowace waya, ko kashi kaza cikin ɗari. Idan ya yarda, ya halatta. Haka idan shi da bakinsa ya ce abin da ya rage naka ne. Ɓoyewar ce ta ɓata abin. Abin da ka riga ka riƙe a baya kuwa, ka kira masu shi ka gaya musu, ko su yafe ko ka mayar.

Ka lura da hikimar. Wakili amintacce ne: idan kaya suka ɓata a hanya ba da sakacinsa ba, asarar mai kuɗi ce. Mai sayarwa kuwa shi ke ɗaukar asara har kaya su isa hannun mai saye, shi ya sa riba take tasa. Wannan ita ce ƙa'idar "alkharaju biddamani" da ta zo a hadisin Nana A'isha. Da yawa daga 'yan'uwanmu so suke ranar riba su zama 'yan kasuwa, ranar da kwali ya ɓata a hannun masu jigilar kaya kuma su ce ai ni aike na aka yi. Ba a cin tudu biyu. Ka zaɓi ɗaya kafin kuɗi su shigo asusunka, ka kuma bayyana shi a rubuce.

Na uku, karɓar kuɗi kafin ka mallaki wayar. Idan ka nuna wata waya takamaimai da ke shagon wani ka ce na sayar maka da wannan, ka faɗa cikin hanin da Annabi (SAW) ya yi wa Hakimu ɗan Hizamu cewa kada ya sayar da abin da ba ya wurinsa. Amma akwai ƙofa a buɗe, wato cinikin salam, wanda Ibn Abbas ya ruwaito a Bukhari da Muslim: a biya kuɗi yanzu, kaya su zo daga baya, da siffa sananniya da lokaci sananne. Sai ka faɗi kamfani da samfuri, girman ma'ajiya, launi, sabuwa ce ko ta hannu, da ranar da za ta isa Kano. Mai saye ya biya kuɗin duka a lokacin ƙulla ciniki. Malikiyya sun yi rangwamen jinkiri har kwana uku, sun kuma sa wa'adin kaya ya kai kimanin rabin wata. A wannan siffa ba dole ka faɗi nawa ka sayo ba, amma idan farashi ya tashi ko kaya suka salwanta, a wuyanka ne.

Sai batun da ba ka tambaya ba, alhali shi ya fi damuna a wannan sana'a, wato algus. Waya ta hannu a canja mata gilashi da batir, a sa ta a sabon kwali a liƙe, a ce sabuwa ce dal. Annabi (SAW) ya cusa hannunsa cikin tarin abinci a kasuwa, ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Muslim ne ya ruwaito. Gyararriyar waya halal ce a sayar da ita, da sunanta na gyararriya. Kuma duk abin da mai saye zai ja da baya idan ya sani, aibi ne da ya wajaba a faɗa. Wayoyin Android da yawa da aka yi domin kasuwar cikin ƙasar Sin ba sa zuwa da Google Play. iPhone ɗin Amurka tun daga 14 ba shi da wurin sa layi, wasu sukan huda shi su yi masa. Ka faɗa, ƙanenka ma ya faɗa, domin shi ne bakinka a shago. Wadda ta zo a kulle da asusun wani, ko araharta ta wuce hankali, ka bar ta, kada ka sayi kayan sata.

Wajen canjin naira zuwa yuwan, dole ya zama hannu da hannu, kamar yadda ya zo a hadisin Ubada ɗan Samit. Shigar kuɗi asusun banki yana zama karɓa, kamar yadda Majalisar Fiƙihun ta zartar a Jidda a 1990. Amma ka bayar da naira yau a kan za a ba ka yuwan mako mai zuwa, wannan bai halatta ba.

Kada ka yi ƙarya a takardar kwastam, kada ka ba da cin hanci, domin an la'anci mai bayarwa da mai karɓa. Ka kuma duba sharuɗɗan takardar zamanka ta ɗalibi, tunda alkawari ka ɗauka ka shiga ƙasar mutane, kuma karatu iyayenka suka tura ka. Idan jarinka ya kai ƙimar giram 85 na zinari ya kuma shekara, ka ƙiyasta kayan da ke shago da kuɗin da ke hannu, ka fitar da kashi 2.5 cikin ɗari.

Wallahu a'alam.