Ku Tambayi Gwaggo: Fita da ƙananan yara, cin abinci a waje, da neman kabad irin na da

Tambaya

Gwaggo, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni matar aure ce a unguwar Talaje nan Yamai. Ƴaƴana uku, babbar shekararta 7, mai bi mata 4, sai na goye ɗan wata 10. Watan jiya maigida ya ce zai fitar da mu ran Asabar: mu fara da gidan tarihi yara su ga zaki, mu biya Katako in duba tsohon kabad irin wanda na tashi na gani a ɗakin mahaifiyata, sannan mu ci abinci a waje. Mun fita ƙarfe 11, muka dawo bayan magariba kowa ransa a ɓace. Na tsakiyan ya yi kuka har ya shiɗe, kabad ban saya ba, abincin ma a leda muka ƙulle shi. Yanzu maigida ya ce shi da fita da yara sai sun girma. Ni kuwa ba na son su tashi ba su san komai ba sai bangon gida. Yaya zan yi?

Uwar yara uku, Talaje

Amsa

Ɗiyata, ina amsawa, Allah ya raya miki su. Da farko ki gode wa maigidanki, domin namijin da zai sadaukar da Asabar ɗinsa ya kwashi iyali ya fita da su, niyyarsa mai kyau ce. Yaran ma ba su da laifi. Kun ɗora wa yini ɗaya kayan yini uku ne, kuma kun auna tafiyar da ƙafar manya. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle uku. Duk fitar da za a yi da yara, da ƙafar ƙaramin cikinsu da cikinsa ake auna ta. In ɗan shekara 4 zai iya awa biyu, to fitar awa biyu ce, ko da baban zai iya yini.

Sannan ƙarfe 11 a Yamai lokacin komawa gida ne. Ke ma kin san watan Afrilu da Mayu yadda zafi ke haura digiri 40, ƙasa ta yi zafin da takalmin roba ba ya tarewa. Ko da hunturu ne, rana in ta take yaro ba ya jure ta. Ku karya kumallo sosai a gida, ku bincika lokacin da ake buɗe ƙofa, ku kasance cikin na farko da za su shiga.

Gidan tarihin Bubu Hama, wanda mu ƴan Yamai muka fi kira Mize, tun 1959 yake nan kusa da gadar Kennedy, kuma ni ban san wurin da ya fi shi dacewa da yara a garin nan ba. Amma fili ne mai faɗi, duk a ƙafa ake zagaya shi. Kuskuren da iyaye ke yi shi ne su ce tunda an biya kuɗin shiga sai an ga komai. A'a. Ki zaɓi abu biyu ko uku, sauran ki bar wa wani zuwan.

Da na kai jikokina bara da sanyi, ƙaramar ta tsaya gaban ruwan dorina ta ƙi motsi. Babu abin da ake gani sai kunnuwa biyu da hanci a saman ruwa. Yayanta na jan hannunta, na ce ya ƙyale ta. Muna nan tsaye har dorinar ta ɗago kai ta wage baki, yarinyar ta ƙanƙame zanena, ba ta yi kuka ba, sai ta ce a hankali, "Kaka, haƙorinta ya fi hannuna." Har yau in an yi baƙi labarin da take ba su ke nan. Da na biye wa yayan mun wuce, da ba ta dawo gida da komai ba sai gajiya.

Babbar taki kuwa ta isa a nuna mata ƙasusuwan manyan dabbobin nan da suka shuɗe tun kafin a yi ɗan Adam, waɗanda aka tono a hamadar jihar Agadas, da kuma iccen Tenere. Ki ba ta labarinsa kafin ku je: icce ne guda ɗaya tal da ya rayu a tsakiyar rairayi, ayarin raƙuma na yin alama da shi, har wata babbar mota ta buge shi a 1973, aka ɗauko gangar jikinsa aka kawo Yamai aka yi masa rumfa. Yaron da ya ji labari a gida, in ya ga abin da idonsa ba ya mantawa. In da sauran ƙarfi ku leƙa wajen masaƙa da dukawa da maƙeran azurfa da ke aiki a cikin gidan, ta ga yadda zare ke zama zane.

Ki riƙe ruwan sha daga gida, da dabino ko ƙuli-ƙuli, da zane guda na shimfiɗa, da wandon canji. Ki rubuta lambar wayar babansu a takarda ki sa a aljihun kowane ɗaya, ki kuma koya wa na tsakiyan cikakken sunan ubansa da sunan unguwarku. Tun daga gida ku raba aiki: ke da na goye, shi da na tsakiyan, hannu cikin hannu, musamman gaban kejin zaki da na kura. Kada a ɗaga yaro a ɗora shi kan shinge wai don ya gani da kyau.

Cin abinci a waje kuma ranarsa daban. Ni ma an taɓa yi mini irin taki. Wani gidan abinci a bakin kogi muka je da ƴaƴana suna ƙanana, muka ce a gasa mana giwan ruwa. Ashe sai a lokacin za a hura gawayi. Mun fi awa muna jira, sauro ya taso, autana ya yi kuka har barci ya kwashe shi a kan tebur da yunwarsa. Tun daga ranar, da na zauna abin da nake fara tambaya shi ne, "Me ya nuna yanzu?" Abin da ke cikin tukunya shi za a fara kawo wa yara, shinkafa da miya ko dambu da zogale, manya su jira gashinsu a tsanake. Kuma ba na fita da yaro da yunwa. Ɗan kunu ko hura kafin a bar gida yana sa ya zauna lafiya.

Ki ce a sa yaji a gefe. Kifi ki bi shi da yatsunki ki zare ƙaya kafin ya kai bakin yaro, tsire da balangu kuma ki yayyanka ƙanana, domin ɗan shekara 4 yana iya shaƙewa da tsoka guda. Ɗanyen salak da ƙanƙarar da ba ki san ruwanta ba, ki bar wa manya in sun ga dama. Ki tafi da ɗan sabulunki, a zuba wa kowa ruwa daga buta, kada a tsoma hannu goma cikin kwano ɗaya. Ku zaɓi teburin gefe, a fili, nesa da wutar mai gashi da bakin titi, inda yaro zai iya sauka ya taka ba tare da ya dami kowa ba. Bayan la'asar ya fi, ku idar kafin sauro ya fito, balle da damina. In kuma yaro ya zubar da miya ko ya ci da hannu, kada ki tsawata masa a gaban mutane don kunyar ido. Ki share, ki ci gaba da hira. A irin wannan zaman ne yake koyon gaishe da mai kawo abinci da yi masa godiya, kuma daga bakinku zai ɗauka.

Katako kuwa, ɗiyata, ban yarda a kai ƙananan yara ba. Kasuwa ce ta aiki: katako da kwano da rodi, ƙusoshi a ƙasa, masu tura kura suna "hanya, hanya", ga masu narka gorar ruwa da tsoffin gwangwanaye suna zuba tukwane. Uwar da ke goye da ɗaya tana riƙe da biyu ba za ta iya duba kabad ba, kuma dillali na ganinki a haka ya san a gaggauce kike, ba zai rage miki ko dala ba. Ki bar yaran wajen kakarsu ko maƙwabciya, ki ɗauki kafintan da kika yarda da shi, ki ba shi ɗan na goro. Kafin ki fita ki auna bangon ɗakin da faɗin ƙofarki da igiya, ki ƙulla alama, ki sa a jaka.

In kin ga wanda ya kwanta miki, kada ki tsaya kallon fuskarsa. Ki sa a jawo shi daga bango ki ga bayansa da ƙafafunsa, can gara ke fara ci. Ki ƙwanƙwasa da yatsa: icce mai lafiya amonsa a cike yake, wanda aka cinye cikinsa kuwa kamar ganga. In kin ga ƴan ramuka kamar na allura da gari mai laushi a ƙasa, ƙwaro na ciki yana aiki, ki bar shi komai arha. Ki zaro aljihunan tebur ɗin gaba ɗaya ki shinshina, ki duba lungunan ko akwai ɗige-ɗige baƙaƙe, kashin kuɗin cizo ke nan. Ki ɗan ɗaga gefe ɗaya ki ji nauyi. Kayan da aka yi da maɗaci nauyi gare su da ja-ja a jiki, su ne ke shekara hamsin ƙofa ba ta karkace ba. Na yanzu da yawa garin katako ne aka matse aka lulluɓe da leda mai sheƙi, ruwa na taɓa ƙafarsa sai ya kumbura. Kada kuma ki yarda da hoton waya a ce miki kayan na gida za a kawo, wannan cinikin biri a sama ne. Ki taya ƙasa, in ya ce albarka ki yi sallama ki taka, ki kuma sa kuɗin ɗauka da la'ada cikin lissafinki tun kafin a sallama.

In ya iso gida kada ya shiga ɗaki ranar. Ya kwana uku ko huɗu a tsakar gida, ƙofofi a buɗe, rana ta dake shi. Kada ki fesa masa fiya-fiya ki rufe a ɗakin da yara ke kwana, guba ce. Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi damuna: na goyen nan naki ya kusa fara dafa abu yana miƙewa, na tsakiyan kuma zai mai da aljihunan matakala. Dogon kabad yana rinjayowa ya danne yaro. Ki sa kafinta ya ɗaure shi da bango da ƙarfe tun ranar farko, kaya masu nauyi kuma a ƙasa.

Maigida kuwa kada ki yi masa gardama. Ki bari ya huce, ki ce masa Asabar mai zuwa Mize kaɗai, awa biyu, ku dawo ku ci tuwonku a gida kafin azahar.

Tambaya

Gwaggo, barka da aiki. Kakata ta rasu a Tawa ta bar gadon ƙarfe mai rumfa da jeren kwalla. Fentin gadon duk ya ɓamɓare. Matata na so mu sayar mu sayi na zamani, ni kuwa ina so in gyara wa ƴaƴana. Wa ya fi gaskiya?

Jikan tsohuwa, Tawa

Amsa

Ɗana, Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Kafin maganar gyara ko sayarwa, gadon nan na kwana gado ne na magada. In ba a raba ba, ko ba a ba ka shi da yardar sauran ba, to ba naka ba ne tukuna. Ka fara zuwa wajen iyayenka da malamin da zai raba.

In ya tabbata naka ne, ni ina bayanka, da tsohuwar zuma ake magani. Ƙarfen irin waɗannan gadajen ya fi na yanzu kauri, mai walda zai ɗaure inda ya saki cikin yini ɗaya. Sai dai fentin ne abin tsoro. Tsohon fenti yakan ƙunshi dalma, ita kuwa dalma in ta shiga jikin ƙaramin yaro ƙwaƙwalwa take taɓawa, kuma ba a gane wa da wuri. Ka tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda ƙurar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Saboda haka kada ka zauna a tsakar gida kana kankare shi a bushe inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Ka kwance shi ka kai wajen mai walda, a jiƙa kafin a goge, a kankare tas, a shafa sabon fentin da aka rubuta babu dalma a cikinsa. A zuba tafasasshen ruwa a mahaɗan saboda kuɗin cizo, katifa kuma sabuwa. Ka duba tazarar sandunan kai da ƙafa, in kan yaro zai iya shiga tsakani a ƙara sanda.

Matarka ma tana da hakki a ɗakinta. Ka bar mata zaɓin launin fentin da labulen rumfar, gadon kuma ya tafi ɗakin yara, rumfar ta ɗauki gidan sauro. Kwallayen da suka fashe har baƙin ƙarfe ya bayyana a daina zuba abinci a ciki, a jera su a sama inda tsohuwar ta saba jera su.