Kwamfuta ko na'ura mai ƙwaƙwalwa? Amsoshin tambayoyinku

Wani ɗalibi daga Mabera yana tambaya, wanne ya fi zama Hausa, kwamfuta ko na'ura mai ƙwaƙwalwa?

Ɗana, duka biyun sun shiga bakin mutane, amma ni raina bai kwanta da na biyun ba. Ita kanta kalmar na'ura aro ce daga Larabci, can asalinta abin ɗebo ruwa ne mai juyawa, to ka ga masu cewa ita ce 'yar gida ba su bincika ba. Ƙwaƙwalwar nan ta fi damuna, don ita ta sa mutanenmu ke ɗauka abin yana da hankali, ka ji an ce "ai kwamfuta ce ta faɗa" shi ke nan an rufe magana, ko da kuwa mai shigar da bayanin ne ya yi kuskure. Alhali lissafi ne tushenta. Charles Babbage na Ingila injin lissafi ya tsara wajen 1837, har ya rasu a 1871 bai ƙera shi ba. Wata kwamfuta mai suna ENIAC da aka nuna a Amurka a 1946 don lissafin harbin igwa sojoji suka sa aka yi ta, nauyinta kusan tan 30, ta cinye ɗaki guda. Sai bayan an ƙirƙiro tiranzista, wani ɗan ƙaramin abu mai sarrafa wutar lantarki, a 1947 abin ya fara ƙanƙancewa, har kamfanin IBM ya fito da tasa ta kan tebur a 1981. Duk tsawon wannan tafiya abin da ɗan Adam ya shirya mata shi take bi. Ka ce kwamfuta kawai, yadda muka karɓi mota da rediyo.

Wata malama daga Runjin Sambo tana son sunayen dangogin kwamfuta.

Malama, akwai ta kan tebur, akwai ta kan cinya wadda yara ke ce wa laftof, sai manyan da bankuna ke girkewa, sai gagarumai masu lissafin hasashen yanayi. Don Allah a daina kiran laftof tafi-da-gidanka, waya ta riga ta ɗauke sunan, ana rikita mai sauraro a banza.

Jam'in kwamfuta fa?

Kwamfutoci, kamar motoci. Kuma mace ce, ta lalace ake cewa.

Wani daga Tambuwal ya ce ko "da tsohuwar zuma ake magani" ta hau kan tsohuwar kwamfuta?

A'a, a kan dattijo mai gogewa ake yin ta. Taka kai ta wajen mai gyara.